Shekarar da Yaya Ya Tafi Kwas

Yayana mai gyaran wuta ne, kuma duk layinsu ba a kiransa da komai sai Rage-Murya. Shi ya ja wa kansa. Ko sallama ka yi masa da ƙarfi, kafin ya amsa sai ya ɗaga tafin hannu ya ce, "Rage murya." Ni ƙanwarsa ce, kuma Allah da ikonsa duk muryar da aka hana shi ni aka ɗora wa, don haka tun ina yarinya nake shan wannan tafin hannun. Mutum ne mai rufe ƙofa da hannu biyu. In zai sha shayi ba ya juya sukari da cokali, sai dai ya zauna ya jira ya narke don kansa. In ka kai masa fanka, juyawarta ba ta isa ya ce ta gyaru ba, sai ya kara kunne ya ji ta daina ƙorafi. Ban taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba, ko da yake ba mamaki ya yi ban ji ba.

A gidanmu akwai kalmar da muke auna shekaru da ita, wato kwas. Za ka ji an ce, "Wannan kujerar ai tun kafin kwas aka saye ta," ko a ce, "An haifi wane bayan kwas." Baƙo in ya ji sai ya ɗauka Yaya wani babban karatu ya je. Ga yadda karatun yake.

Lokacin yana sabon magidanci, shi da matarsa suna haya a wani ɗaki da tagarsa ke kallon titi. 'Yarsu ta fari, wadda muke kira Nas tun tana ƙarama saboda yadda take ɗaure wa kyanwa ƙafa da tsumma, ba ta fi 'yan watanni ba. Sai wani mai sayar da kaset ya buɗe shago dab da tagar, ya kafa ƙarfe, ya ɗaura masa lasifika mai girman akwatin kaya. Daga safe har yamma waƙa ɗaya yake sawa, in ta ƙare ya mayar. Kofuna kan yi rawa a kan tebur. Ana cikin haka Nas ta kamu da zazzaɓi. Da ta fara lumshe ido sai ganga ta buga, ta zabura ta tsala ihu. Uwar ta rame, yarinyar ta rame.

Yaya ya je ya roƙi Mai Kaset, kuma ba sau ɗaya ba. Matsalar ita ce da muryarsa ya yi roƙon, a gindin lasifika. Mai Kaset ya ga bakin mutum yana motsi yana nuna lasifika, ya ɗauka yabon waƙar ake yi. Sai ya yi murmushi, ya jinjina masa, ya ƙara mata ƙarfi.

Wata rana tsaka Mai Kaset ya tafi cin abinci ya bar waƙarsa tana gadin shago. Yaya ya ɗauko tsaninsa ya jingina, ya hau, ya kwance lasifikar. Har ya tsaya ya naɗe bakin wayoyin da salatif don kada wuta ta ja ɗan wani. Ya ɗora ta a ka, yana tafe yana gaisawa da mutane, ya shige ɗaki ya ajiye ta bayan ƙofa ya lulluɓe da zane. Ban taɓa jin ɓarawon da ya tara shaidu kamarsa ba.

Mai Kaset ya kai ƙara. A kotu alƙalin ya so a sasanta. Ya ce, "Ka ba shi haƙuri, ka ce ba za ka sake ba, kowa ya kama gabansa."

Yaya ya yi magana, ba wanda ya ji.

"Ɗaga murya!"

Ya sake yi, nan ma shiru. Sai magatakarda ya taso ya kai kunnensa bakin Yaya, ya miƙe ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce in aka mayar da ita wurin, zai sake cirewa."

Haka ya samo wa kansa 'yan makonni a gidan yari.

Innarmu, Allah ya jiƙanta, mace ce da ba ta yarda a ji kan gidanta a waje. Da mata suka fara shigowa jaje, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Jajen me? Kwas ya tafi." Matan nan da idonsu suka ga an sa shi a motar 'yan sanda. Amma wa zai ja da Inna? Suka kalli juna suka ce, "Ayya, Allah ya ba da sa'a." Daga nan kullum in an gaishe ta sai a ƙara da, "Yaya labarin mai kwas?" Ta ce, "Yana nan yana ta fama." Da ya dawo, kai a aske ƙwal, wando yana zamewa daga ƙugu, maƙwabta suka zo yi masa barka. Wani ya ce, "Kwas ɗin ya yi wuya ke nan?" Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Da ɗan wuya." Abin da ya koyo dai da muka gani shi ne ninke bargo, har yau ba mai kama ƙafarsa.

Shekaru suka ja. Aka sake gida, tsofaffin maƙwabta suka watse, wasu suka rasu. Gaskiyar ta bi su, kwas ya zauna daram. Har kasuwa ya jawo masa, don mutane kan ce, "Kai wa Rage-Murya, shi har kwas ya je." Shi bai taɓa faɗar kalmar da bakinsa ba, bai kuma taɓa musantawa ba. Nas ta tashi a kan haka, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gyara mata.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne Mai Kaset. Shi lasifikarsa kawai yake so, bai zaci abin zai kai ga ɗauri ba. Kunya ta kama shi har ya riƙa kai wa Yaya ziyara a can. Daga nan suka ƙulla abota irin wadda ba ta da magani. Kaset ya mutu, ya koma sayar da caja da rigar waya, amma sunan ya bi shi. Lasifikarsa kuma ta ci masa kunnuwa, ya kurmance sarai. Sai ya zama duk duniya shi kaɗai ke fahimtar Yaya ba wahala, domin bakinsa yake kallo, bai damu da murya ba. In ka gan su a benci, ɗaya yana motsa leɓe, ɗayan yana amsawa da ihun da za a ji a layi na gaba, sai ka rantse mutum ɗaya ne ke faɗa da iska.

Bara gwiwoyin Yaya suka fara ƙin tsani. Aikin shago ma ya ja baya, don yanzu fanka in ta lalace jefar da ita ake yi a sayi wata. Ya koma zaman gida. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana neman shiru, ga shirun ya samu har ya yi masa yawa. Nakan je in same shi ya kwance dutsen gugar da lafiyarsa ƙalau yana sake ɗaurawa. Wallahi ya ba ni tausayi, ko da yake ban nuna masa ba, tsiya na riƙa yi masa.

Ina gidan ranar da Nas ta shigo da murnarta. Yanzu ta zama nas ta gaske, tana aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa na wata likita.

Ta ce, "Baba, ana neman mai kula da injin wuta da ƙananan gyare-gyare a wurinmu. Ba hawa tsani sosai. Na yi maka magana. Na ma gaya wa Likita ka taɓa zuwa kwas, ta ji daɗi."

Ruwa nake sha, ya sarƙe ni.

"Sannu, Goggo," in ji ta, ta ci gaba. "Abu biyu ne kawai. Ka zo da wanda zai tsaya maka, sannan za ta tambaye ka ko an taɓa ɗaure ka. Kowa sai ta tambaya, kuma tana sa a bincika. An taɓa cutarta ne. Ta ce ita ba a kan tsohon laifi take kora ba, a kan ƙarya ne. Wanda ya ɓoye, shi da wanda ya kawo shi tare za su fita." Ta yi dariya. "Kai da ko sauro sai ka ba shi haƙuri kafin ka kashe."

Yaya ya yi wani abu da baki mai kama da murmushi.

Washegari da hantsi sai ga shi a gidana. Ya zauna a bakin kujera, ya ɗora hula a gwiwa.

Na ce, "Yaya, lasifika ce fa, ba banki ka fasa ba. Shekara nawa? Wa zai tono?"

Ya ɗaga tafin hannu. Na rage.

Ya ce, "In aka tono, aikinta ne zai tafi."

"To ka faɗa."

"In na faɗa ta ji fa? Tun tana firamare take gaya wa ƙawayenta babanta ya je kwas. Da wane ido zan kalle ta?"

Nan na gane ba aikin ne ya hana shi sukuni ba. Yarinyar nan kallon da take yi masa shi ne duk dukiyar da ya tara.

Dabarar da ya zo da ita ita ce zai shiga ofis, ya rufe ƙofa, ya gaya wa Likita gaskiya a hankali, ya roƙe ta ta bar maganar tsakaninsu. Har ya ce in zama Likita ya gwada a kaina. Na harɗe ƙafa na ce, "Malam, an taɓa ɗaure ka?" Ya buɗe baki ya rufe. Na ce, "Ka fara mana." Ya ce ai ya gama.

Na ce, "Wa zai tsaya maka?"

"Mai Kaset."

"Innalillahi! Duk duniya ka rasa mai tsaya maka sai wanda ya kai ka?"

"Shi ya fi kowa sanin halina. Na ja masa kunne, ya ce ko zai yi magana raɗa zai yi."

Ranar da za su je, sai na ji ya kamata a duba mini hawan jini. Kada wani ya ce gulma ta kai ni, ina da hawan jinin da gaske, ranar ce dai ta zo daidai. Asibitin falo ne mai benci biyu, mata masu ciki sun jeru suna fifita da katin awo. A sama wata fanka tana juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi. Ofishin Likita a kusurwa yake, an yanke shi da katako, kuma katakon bai kai silin ba. Yaya ya shigo cikin rigarsa mai guga, Mai Kaset yana biye. Yaya ya kalli fankar kamar an taka masa ƙafa, sannan ya kalli gibin da ke saman katakon. Suka shiga, ya rufe ƙofar da hannu biyu.

Nas ta zaunar da ni a teburinta da ke jikin katakon, ta naɗa mini abin awo a damtse, ta kama ƙwallon robar da ake matsawa. Ta ce, "Goggo, ki yi shiru, in kina magana awon ba ya fita daidai." Ban taɓa bin umarnin nas da sauri irin na ranar ba.

Muryar Likita muke ji sarai, mace ce mai magana a tsaye. Ta yi tambaya a kan injin wuta, sai shiru, wato Yaya yana amsawa. Ta ce to. Ta sake wata, shiru, ta ce to.

Sai ta ce, "Nas ta ce ka taɓa zuwa kwas. Na mene ne?"

Shiru.

"Na'am?"

Shiru.

"Baba, ɗan ɗaga murya, fankar nan ta hana ni ji. Gidan wa ka ce?"

Daga nan Mai Kaset ya ga abokinsa yana neman taimako, ya fara raɗarsa. Katakon har rawa ya yi.

"LIKITA, BARI IN GAYA MIKI A ASIRCE! Gidan yari ya ce! Ni na kai shi! Lasifikata ya sace! Amma don Allah kada 'yarsa ta ji, ita kwas ta sani!"

Duk katunan fifita suka tsaya. Wata mai tsohon ciki ta ce, "Iye!" Ni kuwa sai na ji damtsena yana ƙara matsewa. Nas ta kafa wa katakon ido, hannunta yana ta matsa robar bai tsaya ba.

Na ce, "Nas, hannuna."

Ta ce, "Goggo, gaskiya ne?"

"Ki sassauta tukuna, yatsuna sun mutu."

"Ke ma kin sani?"

"Kowa ya sani, 'yar nan. Innarmu ce ta sa masa suna. Sassauta!"

Ta saki iskar. Ta kalli agogon awon don sabo ta ce, "Jininki ya hau." Na ce ita ta hau da shi. Ba ta yi dariya ba. Fuskarta ta yi wani iri, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

A cikin ofis sai muka ji an ja kujera. Wata murya ta tashi, mai kauri, kuma sai da na ɗauki lokaci kafin na gane ta. Tun da aka haife ni ban taɓa jin Yaya daga bayan bango ba sai ranar.

Ya ce, "Likita, abin da ya faɗa haka ne, amma ni ya kamata in faɗa. Na ɗauki abin da ba nawa ba. Kotu ta ɗaure ni, na yi zamana na fito. Ban je kwas ba, ko ƙofar makarantar ban sani ba. Yarinyar nan ba ta yi miki ƙarya ba, mu muka yi mata. In akwai wanda za a sallama, ni ne, ni kaɗai."

Bai rufe baki ba wani jariri ya callara kuka a ɗakin masu jego. Sai muka ji ya ce, "Subhanallahi, na tashe shi," daga nan muryar ta koma inda ta fito.

Likita ta ce, "Me ya sa ka ɗauka?"

Mai Kaset ya karɓe. "Jaririyarsa ce ba lafiya, waƙata ta hana ta barci! Ya yi ta roƙona, ni kuma na ɗauka yabona yake! Alƙali ya ce ya ba ni haƙuri, ya ce in na mayar zai sake cirewa! Ni dai tun daga ranar ko allura ban ji ya ɗauka ba!"

"Kai da ba ka ji dama," in ji Likita. Ban san ta iya tsokana ba. Sannan ta koma kan Yaya. "Zan sa a bincika, kamar yadda nake yi wa kowa. In na tarar da abin da ka faɗa ne kaɗai, shi ke nan. Za ka fara a gwaji. Kuma in wani abu ya dame ka a asibitin nan, bakinka za ka kawo mini, ba tsani ba. Ka ji?"

Shiru.

"Na ɗauka eh ka ce. Ka fara da fankar can, ta ishe ni."

Ƙofa ta buɗe. Mai Kaset ya fito yana washe baki, ya ga Nas, ya ɗora yatsa a leɓe ya ƙifta wa Yaya ido, wai asiri ya rufu. Matan benci suka bi Yaya da kallo. Mai tsohon cikin nan ta ce, "Sannu, Baba," kamar yau aka sako shi. Shi kuwa ya tsaya a tsakiyar falon, hula a hannu, ya kasa ɗaga kai. Ya samu aikin, amma ban taɓa ganin wanda ya samu aiki da irin wannan fuskar ba.

Nas ta tashi ta je gabansa. Na ɗauka kuka za ta yi ko faɗa, don halina ta ɗauko wajen zafi.

Ta ce, "Baba, har dambe na taɓa yi a makaranta a kan kwas ɗin nan. Wata ta ce ƙarya ne."

Ya gyaɗa kai.

"Ashe ita ce mai gaskiya."

Ya sake gyaɗawa. Hular tana ta juyawa a hannunsa.

Sai ta ce, "To na yi barcin?"

Ya ɗago. Na matsa kusa, don wannan amsar ba zan yarda ta wuce ni ba.

Ya ce, "Kin yi. Kina cikinsa 'yan sanda suka zo. Ta taga na hango su, sai na ɗauki takalmina a hannu na fita na tare su a titi, don kada su buga ƙofa."

Nas ta juya ta kalli bango, ta sa bayan hannu ta goge ido. Ta karɓi hular daga hannunsa, ta kaɗe ta duk da ba ƙura a jiki, ta ɗora masa a ka ta gyara mata zama.

Ni dai ban iya kuka a hankali ba, ban taɓa iyawa ba. Na fashe da shi iya ƙarfina, abin awo yana reto a damtsena. Sai na ga tafin hannu biyu sun tashi lokaci ɗaya, na uban da na 'yar.

Suka ce, "Rage murya."